Bakin Inna Na Motsi, Muryar Maroƙi Na Fita

Assalamu alaikum Malam Jibrin. Ya aiki, ya iyali? Don Allah ka agaza mini kafin sauran mutuncina ya zube a dangi.

Ni malamin firamare ne a Talata Mafara, amma asalinmu Gidan Goga. Da zama ya gagara sai muka watse, ni nan, yayata Batulu a Bakura. Cikin ɗan abin da muka tsira da shi akwai faifan DVD na sunan ɗiyarta Amatullah, wanda aka ɗauka a tsakar gidanmu tun ana zaman lafiya. A cikinsa kaɗai ake ganin Innarmu, Allah ya jiƙanta, tana magana. Ta karɓi jaririyar, ta yi mata addu'a, ta yi dariya.

Yanzu Amatullah ta sauke Alƙur'ani, ana shirin walima bayan Sallah. Yaya Batulu ta ce da ma yarinyar ta ji addu'ar kakarta da kunnenta. Ni kuwa da yake na sayi kwamfuta ta hannu, har na taɓa jera hotunan 'yan ajina suka riƙa juyawa, sai bakina ya riga hankalina. Na ce ko ina gyangyaɗi zan yanko wurin in tura wa kowa a waya. Tun ranar Injiniya take kirana, ni kuma ina amsawa.

Malam, na sa faifan na jawo wani ƙaton fayil zuwa manhajar tace bidiyo. Da farko hoto ya zo babu murya. Na jawo wani, murya ta zo, amma tana tafiyarta daban. Inna na motsa baki, muryar maroƙi na fita yana zuba kirari. Liman ya ɗaga hannu zai shafa fatiha, rago ya amsa. Baffanmu Dikko, wanda kara ya fi shi kauri, ya koma kamar rumbu, kuma duk wanda ya motsa sai gefen jikinsa ya yi haƙora kamar mataji. Na yi dariya har da hawaye, daga baya na lura hawayen ba na dariya ba ne. Mafi ciwo, daidai inda Inna ta miƙa hannu za ta karɓi jaririyar, nan hoton ke daskarewa.

Wani a majalisarmu ya ce in goge faifan da makilin. Na goge, na bi da bakin riga. Yanzu faifan na ƙamshi, amma yana nan inda yake tsayawa. Na ce wa Yaya rashin wuta ne ya tsai da ni, sai ga mijinta ya aiko mini janareto a bayan babur. Ina zan sa kaina?

Injiniyan Dole, Talata Mafara

Wa alaikumus salam, Injiniya. Allah ya jiƙan Inna, ya dawo mana da zaman lafiya.

Da farko, ka bar faifan nan ya huta. Kada ka sake shafa masa komai. Ka sami ƙyalle mai laushi ka jiƙa shi kaɗan, ka share ragowar makilin daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, ka bari ya bushe. Sannan ka kwafe foldar da ke cikinsa gaba ɗayanta zuwa kwamfuta, ka ajiye wani kwafin a filas. Ba a aiki kai tsaye daga faifai. In kwafin ya cije a hanya, ka gwada na'urar karanta faifai ta wata kwamfutar, domin sau da yawa abin da ya gagari wannan, waccan kan karanta shi. In ita ma ta kasa, ka kai wa masu ɗaukar bidiyon biki su kunna shi a na'urar DVD su naɗo daga can.

Game da rago da liman, ba kai ka ɓata ba. DVD kan yayyanka bidiyo ɗaya gida-gida, kai kuma ka tsinko yanki guda ka ba manhajar da ba ta saba da irinsa ba. Akwai manhaja ta kyauta, HandBrake. Ka nuna mata foldar dukanta, ta haɗe yankunan ta mayar da su MP4. Saurin hoto ka sa 25, ka zaɓi inda aka rubuta Constant, muryar kuma ka sa AAC. Ka kunna Deinterlace, shi ke kawar da haƙoran mataji. Girman allo ka bar shi 4:3, Baffa Dikko zai koma yadda Allah ya yi shi. Ka kalli sabon fayil ɗin daga farko zuwa ƙarshe kafin ka yanka komai.

Sai maganar Yaya Batulu. Alkawarinka na ƙauna ne, ban ga laifinsa ba. Amma ita ma tana da haƙƙi a faifan nan, uwarta ce a ciki, kuma ya kamata ta san yana da rauni. Ka mayar da janareton da kanka, ka zauna ka gaya mata inda aka tsaya. Za ta yi maka dariya, ka daure, ai bashinta ka ci.

In kuma bayan duk wannan hoton ya ƙi wucewa wurin nan, duba ko muryar ta tsira. In ta tsira, ka tsayar da hoton Inna da hannunta a miƙe, ka bar addu'ar ta ci gaba a kansa. Wanda ya zo walimar ba zai nemi fiye da haka ba.

Allah ya sa albarka a karatun Amatullah, ya karɓi addu'ar kakarta a kanta.

Malam Jibrin