Dutsen Bayan Gidan Baba

Zuwa ga ƙanwata Oddrun,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Torleif da yara, kuma tarin nan ya sake ki. Mu nan jiki lafiya, hankali ne dai ba a kwance ba.

Kin san masu binciken da suka kafa na'urori a dutsen bayan gidan Baba. Shugabarsu Moira 'yar Sikotland ce, yarenmu a bakinta bai wuce na sayen burodi ba. Da yake ni ce malamar Turanci, hukumar gari ta ce in yi tafinta a taron da aka kira. Na je da taƙamata, ashe Turancin aji daban, na masu dutse daban. Zubewar dutse da mu muke kira ras, kalma ɗaya tun kakanni, su sun raba ta gida-gida gwargwadon girma. Akwai ta 'yan duwatsu masu gangarowa, akwai matsakaiciya, sai babbar, wadda ɓarin dutse sukutum yake ɓallewa. Ita ce fjellskred a yaren hukuma, kuma ita Moira take nufi. Haka na faɗe ta a gaban mutane.

Ta kuma ce can cikin dutsen akwai ƙanƙarar da ba ta taɓa narkewa ba, ita ke riƙe da shi kamar danƙo, yanzu kuwa ta fara sakewa. Na lalubi sunanta a bakinmu na ƙauye na rasa, sai na faɗi na littafi, wanda kusan Turancin ne. Baba ya ajiye kofinsa ya ce abin da ba shi da suna a kwarin nan ba ya cikin kwarin nan. Aka kwashe da dariya, maƙwabcinsa Arnfinn har da buga tebur. Ni ban yi ba, don na ga hotunan tsagar da ta buɗe a jikin dutsen, kuma tsoro nake ji.

Ki gaida yara.

Yayarki,
Gunnvor

Oddrun ƙanwata,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Saƙonki ya iso, na gode da safar ulun.

Ruwan saman makon jiya ya ƙara buɗe tsagar. An ɗaga gargaɗi zuwa ja, matakin ƙarshe, aka kwashe mutanen gidajen gindin dutse. Baba yana wurina a gari, yana kwana a ɗakin Signe, ita kuma 'yar tawa tana kwana da ni. Kada ki zata ya yarda da maganarsu. Ɗan sanda ne ya tsaya masa a ƙofa har ya sa takalmi. Kullum cewa yake na ari bakin baƙi ina tsorata iyayena.

Sai dai na lura da wani abu. Duk sanda Moira ta bugo waya, sai ya rage rediyo ya yi kamar yana yanka cuku. Jiya ya tambaye ni me ta ce. Na gaya masa dutsen ya matsa faɗin yatsa a kwana ɗaya. Ya daɗe yana kallon yatsansa.

Abin da ke hana shi zama shi ne tumaki. Har yanzu suna can makiyayar sama, sanyi ya matso, kuma kin san hanyar saukowa ɗaya ce, ta ƙarƙashin tsagar.

Ki yi mana addu'a.

Gunnvor

Ƙanwata abar ƙaunata,

Ina fata wannan ta same ku lafiya. Ki karanta ta ke kaɗai.

Ruwa ya ɗauke, dutsen ya rage tafiya, an sassauta gargaɗin. Hukuma ta yarda a hau gobe a sauko da tumaki, da sharaɗin Moira ta zauna gaban na'ura, wani kuma cikin masu hawa ya riƙe oba-oba yana sauraronta. Tana da abokin aiki ɗan ƙasarmu da zai iya fassara, amma an kira shi wani kwarin. Baba da Arnfinn kuwa ko gaisuwar Turanci ba sa ji. Kin ga ke nan ni zan hau, ni da ko tsani ba na so.

Yau muka zauna da Moira muka tsayar da kalmomin: wadda ke nufin a dakata, wadda ke nufin a koma baya, da ta ƙarshe, wadda ke nufin a watsar da komai a haura tudun gabas a guje. Ta sa na maimaita su da Turanci da yarenmu har suka zauna mini. Na dawo na koya wa Baba. Biyun farko ya gyaɗa kai. Da na zo ta uku ya ce, "Ke dai ki faɗa, 'yata. Aikinki ke nan."

Oddrun, na san wannan muryar, ke ma kin santa. Ba na tsoron in kasa fassarawa. Tsorona in faɗa daidai, ya ji sarai, ya tsaya korar ragowar tumakin. Tun rana nake tambayar kaina ko zan iya gudu in bar shi a wurin.

Signe za ta wuni wurin matar Arnfinn. Ba ta cin kifi sai an cire ƙaya, kuma tana son a bar mata ƙofa a buɗe in za ta kwanta. Na rubuta miki ne don ki sani.

Taki har kullum,
Gunnvor