Takardar da Muka Ɗinke a Fata

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba na Ƙofar Wambai,

Assalamu alaikum. Gaisuwa cikin ladabi daga 'yarka Ladi, da fatan Allah Ya haskaka makwancinka. Gari ya cika da zancen 'yancin kai, ni kuwa haushi ne ya cika mini ciki, kuma kai zan faɗa wa.

Ka tuna da ka dawo daga haƙar kuza a Jos da tarin nan da ya ƙi barinka? Aka kai ka asibiti, likita Bature ya yi ta zuba turanci, tafinta ya dunƙule duka ya ce ka sha magani ka huta. Shi ke nan fa! Malamin asibiti ya rubuta 'yar takarda ya miƙa maka, alhali gidanmu kaf babu mai karanta boko. Goggo ta ce rubutu ba a yar da shi, ta kai wa baduku ya ɗinke ta a fata, ka rataya a wuya kamar laya.

Mu kuwa muka dage da jinya. Na toshe tagar ɗakinka da tsumma don kada iska ta kama ka. Safe da yamma ina shigar maka da kaskon wuta, Inna ta zuba turare, ka yi ta tari har idonka ya yi ja, mu ce ciwon ne ke fita. Ni da bakina nake hura garwashin, Baba.

Da na roƙe ka in shiga ajin yaƙi da jahilci, cewa ka yi boko na marasa aikin yi ne. To, bara na shiga. Ran nan na ci karo da layar cikin kayanka, na farke ta da aska. Layi biyu ne kacal, da Hausa ma: a buɗe taga, kada ka zauna cikin hayaƙi. Shekara uku tana rataye a ƙirjinka! Haba jama'a! Me zai ragu a jikin malamin asibitin nan in ya buɗe baki ya gaya mana?

Yanzu ga Yaya Sule ya dawo daga kuzar da irin tarinka, Goggo ta sake ɗauko kasko. Sau uku na karanta mata takardar, ta ce wai yarinyar jiya ce za ta koya mata jinya. Shekaranjiya na fasa kaskon a tsakar gida, na zare tsumman tagar. Har yau ba ta amsa gaisuwata ba. Ta yi ta fushinta, wallahi hayaƙi ba zai shiga ɗakin Yaya ba ina raye.

Ka yafe mini garwashin nan, Baba, ban sani ba. Allah Ya jiƙanka, Ya sa Aljanna ce makomarka, Ya ba ka iskar da muka hana ka.

'Yarka,
Ladi