Lamba ta Sha Huɗu

Litinin

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar kewa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Ya gwiwar? Kina shan maganin kuwa, ko kin sake ajiye shi a saman firij kina jiran ya yi aiki daga can? Na san halinki.

Kin ce in daina amsa miki da "lafiya lau" a waya, in zauna in rubuto abin da nake ciki. To, ga shi na zauna. Ina ci, ina barci, ina zuwa aiki. Wata huɗu ke nan da rasuwar Auta, kuma har yanzu kamar an cusa min auduga a kunne. Ina ganin bakin mutane na motsi, ina gyaɗa musu kai. Ni da babanta muna gaisawa safe da yamma kamar maƙwabtan kirki.

Labarin makaranta zan ba ki, don shi kaɗai gare ni. Kin tuna shekarar da na fara koyarwa, kika leƙo ajina kika rasa inda za ki sa ƙafa? Yara saba'in, wasu a kan taga. Yanzu ki zo ki sha kallo. Gidajen unguwar an sayar da su ɗaya bayan ɗaya, an mai da su shaguna da ɗakunan ajiyar kaya. Masu iyali sun koma bayan gari, inda aka ce yara ɗari ake cusawa a aji guda. Masu hali kuwa motar makarantar kuɗi ke zuwa kwasar nasu, tana danna mana hon a ƙofa kamar da gayya. Waɗanda suka rage mana 'ya'yan masu gadi ne da 'yan dako, rabinsu baƙi masu wani yare a gida, kuma mata sun fi yawa. Ajujuwa huɗu a kulle suke, tantabaru ne ɗalibansu.

Ofishin ilimi ya aiko da takarda cewa duk makarantar da ba ta kai yara ɗari da ashirin ba za a rufe ta, a haɗe ta da ta tsallaken babban titi. Kin dai san titin nan, babba ma sai ya yi addu'a yake tsallakawa. Iyayen sun riga sun faɗa, ba mai tura 'yar shekara shida can, gida za su zauna. Alhamis ta sama za a zo ƙidaya.

A rajista mu ɗari da ashirin ne cif, amma har da Auta. Ita ce lamba ta sha huɗu a ajina, kuma ban soke ta ba. Kullum ina ɗaukar rula in ce yau, sai a kaɗa ƙararrawa. Idan ina kiran suna, daga sha uku nake tsallakawa sha biyar, yaran ma sun saba.

Ki gaishe min da kowa da kowa.

Ƙanwarki

Laraba

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, na ji saƙonki, kuma a'a, ba sai kin taso da wannan gwiwar ba.

Jiya hedimasta ya kira ni ofis. Bawan Allah, shekara guda ta rage masa ya yi ritaya. Ya yi ta gyara takardun da ba sa buƙatar gyara kafin ya iya buɗe baki. Ashe ya bi unguwar gida-gida da ƙafarsa yana neman yaro ko ɗaya. Ya samu, 'yar mai gadin ɗakin ajiyar tayil da ke kallon makarantarmu, shekararta takwas, ba ta taɓa shiga aji ba. Sai dai ba ta da takardar haihuwa, kuma kwamfutar ofishin ilimi ta rufe karɓar sababbi tun ƙarshen watan jiya. Roƙonsa shi ne in bar lamba ta sha huɗu yadda take, yarinyar ta zauna a ajina gobe, idan na kira ta amsa. Ya ce in na ƙi ba zai ga laifina ba, kuma ba zai sake tada maganar ba har abada.

Na ce masa to. Ya ɗago ya dube ni, ina jin ya fi son in zage shi.

Na san ƙarya ce, Yaya, ki adana wa'azinki, na riga na yi wa kaina. Na auna ta da yara ɗari da sha tara da titin can, na zaɓa. Abin da ya ba ni tsoro shi ne ban ji komai ba. Da kaina na ɗauko kayan makarantar Auta daga ƙasan akwati, na goge su. Sun yi wa yarinyar tsawo kaɗan, na kalmashe bakin rigar.

Abu ɗaya na kasa, koya mata sunan. Hedimasta ne ya yi, ni ina tsaye a baranda. Kin san a gida ba wanda ya taɓa kiran ta da sunanta na gaskiya, Auta dai, Auta dai. A aji kaɗai nake faɗinsa cikakke, ita kuma ta rufe baki tana dariya, wai Mama ta zama Malama.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki

Alhamis

Yaya,

Ina fatan kin wuni lafiya. An yi ƙidayar, ba za a rufe mu ba.

Wata matashiya ce ta zo da kwamfutar hannu, a gajiye liƙis, mu ne makaranta ta biyar da ta shiga yau. Ta ce ni in kira suna, ita ta ƙirga kawuna. Na kira sha biyu, na kira sha uku, na kira sha huɗu. Muryata ta fito sumul, kamar ina karanta sanarwa. Daga benci na uku aka amsa da ƙarfi, yadda aka koya mata. Ƙawar Auta da suke zama tare ta kifa kanta a kan tebur. Matashiyar ta danna abinta, ta yaba da tsabtar ajin, ta wuce.

Hedimasta ya shige ofis ya kulle ƙofa, ya daɗe bai fito ba. Ni kuwa na ci gaba da darasin lissafi, muna kan debewa. Na yi ta jiran wani abu ya taso min a ƙirji, shiru. Na dawo gida na wanke kwanuka.

Taki har kullum,

Ƙanwarki

Lahadi

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa gare ki da mutanen gida. Ki yafe min shirun wata guda da rabi, ba fushi ba ne, kunya ce.

Ba wanda ya tuna ya gaya wa yarinyar nan cewa aikin ya ƙare. Washegari ta zo, Litinin ma ta zo, tun kafin a buɗe ƙofa. Ni ma ban koma tsallake lambar ba. Ga abin da ban faɗa wa kowa ba: na fara jiran lokacin. Tun ina sa takalmi a gida nake ɗokin in kai sha huɗu a amsa min. Ba na ɗago kai, don kada in ga fuskar. Haka muka yi ta yi, ni da 'yar mutane.

Ran nan ta zo teburina tana washe baki, ta ajiye min littafinta. Ta koyi rubutu, Yaya. A bangon littafin, da manyan haruffa karkatattu, ta rubuta sunan Auta. Abu na farko ke nan da ta taɓa rubutawa a rayuwarta, kuma ba nata ba ne. Wallahi ji na yi kamar an kama ni da hannu a jakar wani.

A satin na ja baban yarinyar muka je ofishin rajistar haihuwa. Sau uku muka yi sawu, na yi masifar da na daɗe ban yi ba, da kin gan ni da kin ce ƙanwarki ta dawo. Takardar ta fito, kwamfutar ta buɗe da sabon zango, hedimasta ya shigar da ita da sunanta. Ranar Alhamis na ɗauki rula da jan biro na ja layi a kan lamba ta sha huɗu. Layin ya miƙe sosai. Na rubuta yarinyar a ƙasa, lamba ta ashirin da biyu. Har yanzu mu ɗari da ashirin ne, na gaskiya wannan karon. Da na kira ta da nata sunan, sai a karo na biyu ta amsa.

Yanzu babu inda ake kiran sunan Auta a duniyar nan. Babanta ba ya iyawa, ni kuma na rufe wurin da nake iyawa. Don haka na janye maganata, ki taso, ko da gwiwar. Idan kin iso, kafin ki ajiye jaka, ki tsaya a tsakar gida ki kira min shi sau ɗaya, cikakke, da ƙarfi, yadda yake a rajista. Na san ba mai amsawa. Shirun nake so in ji, ina riƙe da hannunki.

Sai kin zo. Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanwarki,
Maman Auta