Turaku Masu Jan Kai a Gonar Jami'a

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya ƙalau, sai dai na jawo wa kaina magana. Don Allah kada Inna ta ji.

Ranar Litinin da safe na shiga gonar gwaji ta sashen noma, inda nake ban ruwa, sai na tarar da turaku a kafe, sababbi fil, kowanne da jan fenti a ka. Sun ratsa tumatirin ɗalibai 'yan ajin ƙarshe, sun bi ta cikin bishiyoyi har katanga. Dama na daɗe ina roƙon a kawo mana itacen tokare tumatir. Na ce madalla, an kawo, amma wanda ya kawo bai san aiki ba, ya kakkafa su nesa da shuka. Na tuttuge su kaf, na tokare tumatir, na ɗaɗɗaure. Yaya, aikin ya yi kyau fa.

Rana ta ɗaga sai ga masu awon fili, babbansu yana ta kumfar baki. Ashe alamar gini ce. Ihunsa ne ya fito da malamai daga ofis. A tsaye a bakin gona suka ji cewa ofishin tsare-tsare ya gama shiri: za a haɗe sashenmu da wani, a soke wasu darussa, a yi gini a gonar. Ko shugaban sashe bai sani ba. Na gane haka ne da na ga yana ta cire tabarau yana mayarwa.

Farfesa, tsohon da ya dasa bishiyoyin tun yana da baƙin gashi, ya tambaya a hankali ko su bishiyoyin an sanar da su. Wata malama da ɗalibai ke kira Ba Ragi ta ce ita ba gini take ƙi ba. Abin da ya ƙona mata rai, sai a bakin mai igiyar awo za ta ji makomar darasinta, ga ɗalibanta a kan tumatirin nan za su kammala karatu.

Ni kuwa an kai ƙarata, an ce in jira hukunci. Mai gadi ya ce in fara haɗa kayana. Ban haɗa ba. Shuka ba ruwanta da rigima, ruwa take so. Ka sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Auta


Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa da kowa, musamman Inna. Saƙonka ya iso, har da inda ka ce tun ina yaro hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Na yafe maka, don yau raina fari ne.

Malamai sun yi ta taro, har suka tsaya kan cewa ba a ofis za a yi maganar ba, a gonar za a yi. Ni na jera kujeru a inuwa. Mataimakin shugaban jami'a ya zo da daraktan tsare-tsare, kowa da takalmi mai ƙyalli, ga shi na yi ban ruwa da safe.

Darakta ya ce ai shawara ce kawai, ba a yanke ba. Ba Ragi ta ce, ranka ya daɗe, yaushe shawara ta fara zuwa da guduma? Har Mataimaki sai da ya yi dariya. Wani matashin malami ya ce shi kam yana son haɗewar, a dai tambaye shi kafin a yi. Farfesa ya ce bishiyoyinsa ba su fi ɗalibai ba, in gini ne alheri a sare su, amma a faɗa masa yana kallon mai faɗa.

An tashi a kan cewa za a baje shirin gaba ɗaya a gaban malamai, kowa ya faɗi nasa, kuma ba mai taɓa gona sai ɗalibai sun gama. Bayan nan wataƙila a yi ginin. Ban damu ba, duk inda aka kai gona za a nemi mai ban ruwa.

Har sun miƙe, sai Ba Ragi ta nuna ni ta ce, shi kuma fa? Mataimaki ya dube ni, ya dubi tumatirin, ya ce kada kowa ya taɓa aikina. Ya ce su ne suka shigo gonar mutane ba sallama, laifin nasu ne. Yaya, babban mutum, a gaban jama'a! Ya miƙo mini hannu, na goge taɓo a wando na kama da hannu biyu.

Na san ka, za ka ce na ƙara gishiri. To ba ni kaɗai na ji ba. Direbansa yana tsaye a wurin, da baba mai shara, da ɗalibai masu tumatirin, da mai gadi, wanda yanzu yake rantsuwa shi bai taɓa cewa in haɗa kaya ba.

Yanzu kana iya faɗa wa Inna. Ka huta lafiya.

Ƙaninka,
Auta