Zuwa ga Dattawan da Suka Ce Sun Koma Kiɗansu na Farko

Zuwa ga dattawa huɗu, masu ƙungiyar kiɗan Turawa mai sauri da ƙara, wanda ake kira tirash metal, da na fi daɗewa ina saurare.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku da duk masu ɗaukar muku kaya.

Ba zan ambaci sunan ƙungiyarku ba, kun san kanku. Na kuma san ba ku jin Hausa. Wannan ba abin damuwa ba ne. Ni ma shekara talatin da ɗoriya ina sauraronku ban taɓa gane abin da mawaƙinku yake faɗa ba, kuma hakan bai raba mu ba.

Sunana Iliyasu Garba, haifaffen Jos. Ina aiki a wani gareji a Ras Al Khor, nan Dubai, inda muke yanka motocin da suka yi hatsari, mu ciro inji da giya da ƙofofi, mu loda wa 'yan kasuwar Kano a kwantena. A unguwar Muhaisnah nake kwana, mu shida a ɗaki. Na rubuto ne kan sabon faifanku, da maganar da kuka yi kafin ya fito, cewa kun koma kiɗanku na farko. Ina da ƙorafi, ga shi daki-daki.

Na ɗaya, yadda na san ku, don kada ku ɗauka wani ɗan bana-bakwai ne yake muku surutu. Yayana Habu mai walda ne. Yana saurayi ya yi aiki da wani Bajamushe da ya zo haɗa injina a wata masana'anta a Jos. Da Baturen zai tafi, ya bar masa kaset ɗinku na biyu. Ranar da Yaya ya saka shi a rikodar gidanmu, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saurara na ɗan lokaci, ya ɗauki rikodar ya kai wa mai gyara. Mai gyara ya buɗe ta, ya duba, ya ce lafiyarta ƙalau. Baba bai yarda ba har ya rasu.

Ni kuwa ina ɗan shekara goma sha biyar, na ji abin da ban taɓa ji ba. Ganga tana gudu kamar ana korar ta, jita tana ƙara irin ta zarto a kan kwano, mawaƙin kuma kamar an taka masa ƙafa. Yaya ne ya koya mini saurare. Shi ya nuna mini inda mai gangarku yake wuce sauran da sauri, su kuma su bi shi a guje. Ya ce nan ne daɗin yake.

Na biyu, halin da muke ciki. A shekarar korona, Yaya Habu ya faɗi a shagonsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. An rufe filayen jirgi, ban samu zuwa ba. Da aka buɗe kuma, ogana ya ce duk wanda ya tafi kada ya sa ran samun gurbinsa. Na zauna. Wata huɗu Yaya bai haɗa kalma biyu ba. Matarsa, Hajiya Talatu, ita take turo mini saƙon murya kullum, ta ce ya ci abinci, ko bai ci ba. Na taɓa tura mata tsofaffin waƙoƙinku ta kunna masa. Ta ce ya rufe ido, hawaye yana zuba, bai ce komai ba, ranar kuma ya ƙi cin tuwo. Ta roƙe ni in daina. Na daina.

Ana cikin haka kuka fito kuka ce sabon faifanku tamkar na farkon ne, kun koma inda kuka fara. Na yarda da ku, domin dattawa ne ku. Ranar da ya fito, da safe, ina cikin motar da ke kai mu aiki, na tura wa Hajiya Talatu tun kafin in saurara. Na haɗa da saƙon murya, na ce, "Yaya, mutanenmu sun dawo." Na roƙe ta ta ƙara gwadawa sau ɗaya tak.

Na uku, abin da na tarar da na saurara da kaina, lokacin hutun rana, a inuwar kwantena.

Waƙar farko ta buɗe da fiyano. Na duba wayata ko na yi kuskuren faifai. Ban yi ba. Minti biyu ana fiyano.

Da ganga ta shigo, tana da sauri, ban musa ba. Amma kowane bugu ya zauna daram a wurinsa, babu wanda ya wuce wani. Na san aikin na'ura idan na ji shi. Mai gangarku na dā ɗan Adam ne, yana kuskure. Wannan kuwa bai yi kuskure ko ɗaya ba a faifai guda, kuma ban yarda tsufa yana gyara mutum har haka ba.

Jitar an wanke ta tas. Mawaƙinku kuma ya koyi waƙa. Ban san wanda ya ba shi wannan shawara ba.

Babbar hujjata ita ce wannan. Shekara bakwai ina gareji ɗin nan, duk ranar da na kunna tsohon kiɗanku, ogana yakan leƙo daga ofis ya ce, "Iliyasu, khalas, ya isa haka!" A wurin da ake yanka mota da injin yanka ƙarfe, ku ne kuke damunsa. Ranar da na kunna sabon, ya leƙo, ya tsaya, ya ce, "Habibi, wannan yana da daɗi, ƙara murya." Yanzu shi da kansa yake sa shi idan baƙi sun zo shan shayi. Ku yi tunani a kan wannan.

Don adalci, a tsakiyar waƙa ta shida akwai wani ɗan wuri, bai kai minti ɗaya ba, inda kuka manta da kanku. Nan na ji ku. Daga nan kuka tuna, kuka koma.

Na huɗu, kuma shi ne asalin ƙorafin. Kun sa na yi wa yayana ƙarya yana kwance. Ban taɓa yi masa ba. Na wuni ina yanka wata mota ina jin kunya, ina neman yadda zan janye saƙon. Da la'asar sai ga saƙon Hajiya Talatu. Na zauna a kan taya kafin in buɗe, domin na ɗauka abin da nake tsoro ne ya faru.

Ta ce ta kunna masa. Ya saurari fiyanon yana kallon ta. Ya saurari waƙa ta farko da ta biyu, fuskarsa tana sauyawa. A ta uku ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya buga katifa, ya ce, "Ƙarya suke." Ta saki kwanon da ke hannunta. Ya ƙara da cewa, "Kashe."

Kalma uku ke nan a rana ɗaya, bayan wata huɗu.

Washegari ya nuna wayar, ta sake kunna masa. Ya ce, "Ganga. Inji ne." Kwana uku bayan haka ya ce mawaƙin ya ƙoshi. Yanzu kullum bayan sallar Azahar sai an kunna masa faifan nan naku, ya zauna ya kushe shi waƙa bayan waƙa. Daga nan maganar ta fara fita zuwa wasu wurare. Ya kira sunan 'yarsa. Ya ce miya ta yi gishiri. Likitan da ke duba shi ya tambayi me aka canja, Hajiya ta kunna masa. Likita ya saurara kaɗan, ya ce shi bai san wannan ba, amma a ci gaba.

To kun ga inda kuka saka ni. Na zauna rubuta wasiƙar nan da fushi, kuma fushin yana nan, domin faifan bai kai ba, kuma kun san bai kai ba. Amma Hajiya Talatu, wadda ba ta taɓa ƙaunarku ba, tana saka ku a addu'a.

Buƙatuna uku ne.

Ku janye maganar cewa kun koma kiɗanku na farko. Ba ku koma ba. Samari huɗu masu yunwa ne suka yi wancan, ku kuwa kuna da jikoki. Babu laifi a cikin haka. Ni ma a dā ni kaɗai nake ɗaga giyar mota, yanzu sai mun zama mu biyu, kuma ban taɓa fita na ce wa jama'a na koma yadda nake ba.

Ku bar mai gangarku ya yi kuskurensa da hannunsa.

Ta ukun tana da nauyi a bakina, amma zan faɗa. Kada ku yi ritaya. Ku sake fitar da wani faifan, kuma ba sai kun wahalar da kanku wajen gyara shi ba. Yaya ya kusa gama da wannan, ya fara maimaita zagin, likita kuma ya ce ana buƙatar sababbin kalmomi.

Jiya na tura masa saƙo na ce zan rubuto muku, ko yana da abin faɗa. Amsar ta ɗauke shi kusan minti guda, ina jin numfashinsa tsakanin kalma da kalma. Ya ce, "Ka ce musu su ci gaba. Ban gama da su ba."

Na isar.

Allah ya ba ku lafiya da tsawon rai, ya kiyaye muku kunnuwanku da gaɓoɓinku, ya shiryi wanda ya kawo fiyano. Allah ya tashi kafaɗun yayana, ya nuna mini ranar da zan zauna kusa da shi mu kushe ku tare.

Naku mai saurare,
Iliyasu Garba,
Ras Al Khor, Dubai.

Wassalam.