Ƙofar Rumfata Ta Koma Tashar 'Yan Boda

Iganga, 9 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Nabirye,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, kuma zafin Juba bai sa ki gaba ba. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan kalau, Inna ma ƙafarta ta yi sauƙi.

Yaya, share hawayenki: ɗanki Magumba ya taka da ƙafarsa! Yau da safe ya tako daga gida har rumfata, ba sanda, wuyansa cikin abin nan na asibiti, yana tafiya kamar sabon ango. Na yi kuka a gaban masu sayen ayaba, ko kunya ban ji ba.

A waya ban iya gaya miki yadda aka yi ba. Motar rake ce ta buge babur ɗinsa, ta watsar da shi dab da rumfata, hular kwanonsa ta dare biyu. Ya ce mini bai jin yatsunsa. Kafin in ankara 'yan tasharsu, wato 'yan boda masu haya da babur irinsa, sun cika wurin, za su yi abin da suka saba: su zaunar da shi a babur tsakanin mutum biyu, su ruga asibiti. Nan take na tuna Yaya Balikoowa. Haka aka ɗauke shi a zaune ranar da ya yi haɗari, kuma ni da ke muka yi shekara bakwai muna juya shi a kan katifa.

Sai na durƙusa na riƙe kan yaron da hannu biyu, na rantse wanda ya ɗaga shi sai na fasa masa baki. Kirunda, shugabansu, ya ce tsohuwa ta zare, za ta kashe yaron da taurin kai. Na ce ya je ya ɓalle ƙofar rumfata in yana da ƙarfin da yake tinƙaho da shi. A kanta muka kwantar da shi miƙe, muka ɗaure da zannuwa, motar madara ta kai mu. Likita ta ce ƙashin wuyansa ya tsage, da an zaunar da shi da ya gama tafiya a duniya.

Ɗazu Kirundan nan ya zo, hula a hannu, yana kirana Mama Likita, wai in bar musu ƙofar su ajiye a tasha saboda irin wannan rana. Na ba su. Rumfata na nan a buɗe, kaji na ta yi mini ɓarna, ko a jikina. Abu ɗaya ke cina, Yaya: a ranar Balikoowa ma gidanmu akwai ƙofa.

Ki gaishe da Baba Isiko, da Namukose, da Tibaga. Magumba ya ce ki dafa kifi, da ƙafarsa zai zo ci.

Ƙanwarki,
Kagoya