Duwatsun Baba

Litinin, 3 ga Maris

Anti, matar Yaya, ta wanke duwatsun Baba da sabulu, tsakaninta da Allah. Takardun sunayen da ke manne a jikinsu duk sun bi ruwa. Ta yi kuka har ta ba ni tausayi.

Gaskiyar magana ba kwana-kwana: Baba ba ya iya hawa bene tun da idonsa ya tafi, don haka ɗakin duwatsu da ke ƙasa zai koma ɗakin kwanansa. Kwalejin da ya koyar da ilimin duwatsu ta yarda ta karɓe su ran Litinin mai zuwa, amma sai an ware kowanne da sunansa. Wanda ba shi da suna, Yaya ya ce ramin bakin gareji na jiransa. Aikin rayuwar mutum ke nan.

Talata, 4 ga Maris

Na ɗauki hutu a jarida. Na karanta abin da ya kamata: duk daga aman wutar dutse suka fito, kuma yawan sinadarin silika ne ke raba su. Basalt baƙi ne, silikarsa kaɗan. Andesait toka-toka, tsaka-tsaki. Riyolait mai haske, silika fal. Na jera su kashi uku bisa launi kafin azahar. Na ce a raina, wannan ne aka yi shekaru ana koyarwa?

Laraba, 5 ga Maris

Na kawo Baba ya shafa aikina. Hannunsa ya tsaya a kan wani baƙi sulɓi mai ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba.

"Edita, wa ya kai obsidiyan gidan basalt?"

Na ce ai baƙi ne. Ya ce baƙinsa na riga ne kawai; ɗan gidan riyolait ne, sanyi ya riske shi da sauri har ya daskare ya zama gilashi. Tambaya biyu ake yi wa dutse, in ji shi: da me aka yi ka, kuma yaya ka huce? Ni ɗaya na yi.

Rabona da a gyara mini aiki haka tun ina sabuwar shiga a ɗakin labarai. Ban ji daɗi ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Mun raba aiki: hannu nasa, ido nawa. Shi ya ji nauyi da kaushi, ni in faɗi launi da ƙwayoyin ciki. Sai ya ce in lashi dutsen, wai jiƙaƙƙen dutse ne ke nuna ƙwayarsa. Na ce Allah ya kiyaye, na kawo kofin ruwa.

"Shekara da shekaru ina lasa, ga ni ban mutu ba."

"Amma haƙoranka fa, Baba?"

Ya yi dariya har da tari.

Asabar, 8 ga Maris

Masu huji-huji sun kusa haukata ni. Baba ya sa Anti ta kawo bokitin ruwa: dutsen famis yana iyo, sikoriya yakan nutse. Na farko dangin riyolait, na biyu dangin basalt. Anti ta ɗaga famis ɗin, ta yi tsuru-tsuru, ta ce da irinsa take goge kaushin ƙafa, a nan ma ta ɗauki nata bara. Baba ya ce ta riƙe, famis ɗin kaɗai ne a ɗakin nan ya taɓa amfanar wani.

Akwai waɗanda suka gagara. Ya juya ɗaya a hannu ya daɗe, sannan ya ce, "Da ina gani." Na yi kamar ina neman alƙalami.

Na juya masa baya na lashi dutsen. Ƙananan fararen ƙwayoyi suka fito a jikinsa mai toka-toka. Na faɗa masa, ya ce andesait. Sai ya ce, "Ban ji ƙarar kofi ba."

Lahadi, 9 ga Maris

Yaya ya shigo da kwalaye da tsoffin jaridu. Mai ramin gareji ne ya zauna yana naɗe kowane dutse kamar ƙwai. Ashe ya san inda aka tsinto wasu. Shi ke riƙe wa Baba guduma yana ƙarami. Ban taɓa tambayarsa ba.

Litinin, 10 ga Maris

Mutumin kwaleji ya duba, ya karɓe su duka. Ko ɗaya bai shiga rami ba. An saukar da gadon Baba. Ya shafa kantar da babu komai, ya ce ɗakin ya yi faɗi da yawa.

Alhamis, 13 ga Maris

Na koma aiki. Ana gyaran titin gaban ofis, an zube tsakuwa baƙa. Na ɗauki ɗaya don kawai kada wani ya yi tuntuɓe. Mai gadi ya rantse ya ga na kai ta baki. Ido ne ya yaudare shi.

Ina zaton basalt ce. Tana cikin jakata, gobe zan biya in aza ta a kantar Baba, ya faɗa mini inda na kuskure.